Makarantar 'yata ta ce mu koma Turanci a gida, ku ba ni shawara

Baban Hajara, Potiskum:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon kayan gyaran manyan motoci a nan Potiskum, kuma wata takarda ce ta hana ni sukuni tun da aka ba yara sakamakon zangon da ya wuce. 'Yata Hajara tana aji uku a wata firamare mai zaman kanta, ba zan kama suna ba. A cikin ambulan ɗin sakamako sun haɗo da wasiƙa zuwa ga iyaye, wai daga yanzu a riƙa yi wa yara Turanci a gida, domin yaren gida ne ke ja musu baya. A makarantar dama akwai tara. Duk wanda monita ya ji ya yi Hausa sai ya rubuta sunansa, naira 50. Kwanaki na ga kuɗin tara ya kusa cinye kuɗin abincin yarinyar.

Ga yadda gidanmu yake. Ni ɗan ƙabilar Ngizim ne, maiɗakina kuma Bolewa ce, iyayenta suna Fika. Ni da ita Hausa muke yi, don ba ta jin Ngizimanci, ni kuma Bolancina bai wuce gaisuwa da surukai ba. Mahaifiyata tana tare da mu, Ngizimanci take yi mini, tana yi wa jikoki. Hajara tana jin duk abin da kakarta ta faɗa, ta aike ta ta ɗauko, ta yi mata faɗa ta sunkuyar da kai, amma amsa da Hausa take bayarwa. Ƙaninta da ke nasare ko jin ma ba ya yi sosai, sai tsohuwa ta nuna da hannu. Da yamma suna Islamiyya, can kuma Larabci ne. To yanzu a kan wannan za a ɗora Turanci.

Kuma wane Turanci? Nawa na kasuwa ne. Ina ciniki da 'yan Nnewi da Anaca a waya, mu yi buroka, mu daidaita farashi, kaya su iso. Ina karanta takardar banki da ta kwastan. Amma in zauna in ba yaro labari da Turanci daga farko har ƙarshe, ko in rarrashe shi yana kuka, wannan ba zan iya ba. Maman Hajara ta gama sakandare, ta fi ni nahawu, amma ita ma in zance ya yi tsawo sai ta sauko Hausa.

Na zauna na bi layinmu gida-gida a raina. Gidan da ke dama da mu Karai-Karai ne, manya suna yarensu, yara Hausa. Na gaba Fulani ne, su kam har yaran suna Fulatanci a tsakar gida. Akwai Barebari, akwai 'yan Ngamo, akwai wani Ibo mai kemis wanda 'ya'yansa in suna wasa da namu ba ka bambance su sai an kira suna. A duk layin gida ɗaya ne ake yi wa yara Turanci zalla, na wani ma'aikacin gwamnati. Yaransa bakinsu ya buɗe da Turanci, ba ƙarya. Amma ranar sallah na ga an kawo su gaishe da kakansu, tsoho yana tambayarsu suna kallon uwarsu ta fassara. Abin ya tsaya mini a rai.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wannan. Rannan bayan isha'i na ce Hajara ta karanta mini wani labari a littafinta na Turanci. Ta karanta tiryan-tiryan, da yatsa a kan layi, ko tuntuɓe babu, har da ɗaga murya a inda alamar tambaya take. Na ji daɗi. Sai na ce to faɗa mini da Hausa, me ya faru a labarin? Ta yi shiru, ta kalli hoton da ke shafin, ta ce akwai yaro da akuya. Iyakar abin da ta kwaso ke nan, kuma daga hoto ta kwaso shi.

Tambayata biyu ce. Shin gaskiya ne yaren gida ke hana yaro iya Turanci? Sannan akwai wanda ya san a gari irin namu, gida nawa ne ake Turanci a ciki, mutum nawa ne suka iya shi da gaske? Ko mu ne aka bari a baya ban sani ba.

Tsohon Hedimasta, Azare:

Wa alaikumus salam Baban Hajara. Allah ya raya su. Alli na ci har na yi ritaya, saboda haka ka yi haƙuri in na ja zance.

In fara da tambayarka ta biyu. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, kuma da gangan aka cire tambayar ƙabila da ta addini a cikinta saboda siyasa. Wadda aka shirya a watan Mayun 2023 aka ɗage ta. Don haka duk wanda ya zo maka da alƙaluma a kan yarukan gidajen Potiskum ƙiyasi yake yi. Lissafin da ka yi na layinku ya fi kusa da gaskiya, kuma haka za ka tarar a Azare, haka a Misau, haka a Gashuwa.

Ta farko kuwa an gwada ta a ƙasar nan tun kafin a haifi malaman Hajara. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na jami'ar Ife suka fara wani gwaji. Aka ɗauki yara aka koya musu lissafi da kimiyya da komai da Yarbanci shekara shida cur, Turanci kuma ya zama darasi guda, amma a hannun malamin da ya ƙware a kansa. Wasu yaran aka bar su a tsarin da aka saba, wato a juya su zuwa Turanci a tsakiyar firamare. Da aka auna, 'yan Yarbancin ba su gaza ba, har a Turancin kansa sun yi fice. Ka lura da sharaɗin: malamin da ya ƙware. Nan gizo ke saƙa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko harshen yankin a azuzuwan farko. A ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana minista, majalisar zartarwa ta mayar da shi shekara shida na firamare. Sai a Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar an soke, an koma Turanci tun daga ƙasa, yana kafa hujja da faɗuwar jarrabawa. Ni dai ban ga inda aka aiwatar da na 2022 ɗin ba balle a ɗora masa laifi. Ba a buga littattafai ba, ba a horar da malamai ba. Abin da ke faruwa a aji kowa ya san shi: malami ya kwafe darasi da Turanci a allo, ya yi bayani da Hausa, yara su kwafe abin da ba su gane ba, su haddace, su zuba ranar jarrabawa. Ba a koyar da Hausar ba, ba a koyar da Turancin ba.

Ka tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017, da aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya a kan yadda aka gudanar da ita, kuma suna da abin faɗa. Amma ko ka rage rabi, abin da ya saura ya isa ya gaya maka inda matsalar take. Ba a tsakar gidanka take ba.

Abin da Hajara ke yi sunansa haɗa baƙi, ba karatu ba. Ta iya furta abin da ta gani, ma'ana ce babu. In ka ɗora mata burokarka a kai, za ta ƙaru da buroka, ma'anar littafin kuma tana nan inda take. Shawarata, ku ci gaba da abin da kuke yi, amma ka saya mata littattafan labari na Hausa ta karanta, ta san cewa rubutu magana ce da ake ganewa. Yaron da ya taɓa dariya saboda abin da ya karanta ba zai ƙara yarda ya wuce layi bai gane ba, ko da wane harshe ne. Tarar naira 50 kuwa ka kai ta taron iyaye da malamai. Abin da take koya wa yaro shi ne ya rufe bakinsa.

Malamin Lesin, Damaturu:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba amma akwai gefen da ba ka taɓo ba. Ni nake karɓar waɗannan yaran bayan shekara tara, lokacin da suka zo shirin JAMB. Tambaya 180 ce a jarrabawar, 60 daga ciki Turanci ne, kuma dole ne ga kowa, ko likita za ka karanta ko Hausa. Sauran 120 ɗin ma, in ba na darasin wani harshe ba, da Turanci aka rubuta su. WAEC da NECO in babu kiredit a Turanci takarda ta zama ta ajiya. Ina da ɗalibi da in na karanta masa tambayar fiziks na juya ta da Hausa, kafin in rufe baki ya ba ni amsa. In na bar shi da kwamfuta sai ya ƙare lokacinsa yana kokawa da jimlar. Wannan yaron ba Fafunwa zai tuna ba ranar da sakamako ya fito.

Harshe da ji ake kama shi. Yaron Fatakwal ko Warri yana jin buroka a titi, a mota, a kasuwa, kunnensa ya saba da kalmomin ko da nahawun ya karkace. Namu fa? Ya tashi da Hausa, rediyo Hausa, fim Hausa, har na Indiya an fassara masa, waya ma saƙon murya yake turawa. Turanci sai minti 35 na darasi, shi ma rabinsa Hausa. A ina zai ji shi? Makarantar Hajara ta gano ciwon, maganin ne ta rubuta ba daidai ba.

Don haka Baban Hajara, ni ba zan ce ka yar da takardar ba. Kada ka sauya harshen gida, amma ka buɗe wa Turanci ƙofa. Maman Hajara ta ware rabin awa kullum, su karanta shafi ɗaya tare, ta tambaye ta da Hausa me aka ce, sannan yarinyar ta maimaita da Turancinta ko ya karye. A sa mata shirin yara na Turanci a waya ko talabijin, wanda ake magana a hankali, ba na faɗa da harbi ba. Kuma kai ma kada ka raina kanka. Takardar kaya in ta zo shago, ba ta ta karanta maka adadi da sunaye. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma aji shida na sakandare ranar tafiya ce.

Maman Ikram, Maryland, Amurka:

Sannunku da gida. Yaya Baban Hajara, tambayarka ta biyu ta sa na yi murmushi, domin a nan ƙirga wannan abin aikin hukuma ne. Hukumar ƙidayar Amurka tana aika takardar tambayoyi da ake kira ACS zuwa gidaje kimanin miliyan 3.5 duk shekara, ta taɓa faɗowa kanmu. Ga duk wanda ya kai shekara biyar a gidan sai an amsa abu uku: yana yin wani harshe ban da Turanci a gida? Wane harshe ne? Yaya Turancinsa yake, ya iya sosai, ya iya daidai gwargwado, bai iya sosai ba, ko bai iya ko kaɗan ba? Mutum ne ke auna kansa, ba jarrabawa ake yi ba. Ni na cika wa surukata "ba ta iya sosai ba" ta ce na ci mutuncinta, alhali a asibiti ni ke mata tafinta.

Da wannan suke sanin unguwar da ke buƙatar tafinta a kotu da asibiti, da inda za a buga takardun zaɓe da wani harshe. A lissafinsu na 2019 mutum miliyan 67.8 ne ke yin wani harshe a gida, kusan ɗaya cikin biyar, mafi yawansu Sifaniyanci. Abin da zai amfane ka shi ne, fiye da rabin waɗannan mutanen sun ce sun iya Turanci sosai. Wato a ƙasar Turancin kanta miliyoyin gidaje ba sa yin sa a tsakar gida, kuma bai hana 'ya'yansu ba.

Sai dai in yi wa Malamin Lesin adalci, a nan Turanci ya kewaye yaro ta ko'ina, ba kamar Potiskum ba. Ranar da na kai Ikram makaranta aka ba ni fom na harshen gida, na rubuta Hausa, suka gwada ta, suka haɗa ta da malamar da ke taimaka wa masu koyon Turanci. Malamar da bakinta ta ce mini kada in daina yi mata Hausa. Kafin shekara ta zagayo Turancin ya zauna. Yanzu kokawar da nake yi ta juya: in yi mata Hausa ta amsa da Turanci, sak yadda Hajara ke yi wa kakarta. In mun kira Kano a bidiyo, daga "ina wuni, lafiya lau" sai ta miƙo mini waya. Turanci ana samun sa a makaranta, a littafi, a wurin aiki, ko mutum ya girma. Harshen kaka kuwa wuri ɗaya ake samun sa.

Ɗan Gashuwa:

Duk kun yi ta Hausa da Turanci kun tsallake tsohuwa. Ni Bade ne, na san wannan labarin. Ku sake karanta abin da mutumin nan ya rubuta: shi yana yin Ngizimanci, 'yarsa tana ji ba ta mayarwa, ƙaramin ko ji ba ya yi. Jikokinsa fa? Kuma ba Turanci ne ya yi wannan aikin ba, Hausa ce, ko 'yan'uwana Hausawa ba za su so ji ba. Babu monita, babu tarar naira 50, amma ta shige ɗakunanmu ta zauna. Ba laifin kowa ba ne, kasuwa da aure da makwabtaka suka kawo haka.

Baban Hajara, marigayi Russell Schuh na jami'ar California da ke Los Angeles ya yi shekaru yana aiki a kan yarukan Yobe tare da malamanmu na gida, aka buga ƙamus na Ngizim da Bole da Karai-Karai da Ngamo da Bade da Duwai, da fassarar Hausa da Turanci a ciki. A garinku ma aka buga su. Ka tambaya a kwalejin ilimi ta tarayya da ke nan Potiskum ko wurin tsofaffin malamai. Amma ƙamus ba ya magana. Kai ne za ka riƙa yi musu yaren, ba ka bar wa tsohuwa ita kaɗai ba.

Baban Hajara, Potiskum:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya. Hajiya Maman Ikram, a gaida surukar taki, ki gyara mata amsarta in takardar ta sake zuwa.

Na je makarantar da safe kafin in buɗe shago. Shugabar ta karɓe ni da mutunci. Da na kawo maganar tara ta ce iyaye ne da kansu ke nema, wai in uba ya biya kuɗin makaranta yana so ya ji ɗansa yana Turanci a gaban baƙi, in bai ji ba ya cire shi ya kai gaba. Wannan ban musa mata ba, na san masu yin haka, wasu abokaina ne. Na roƙi ta kira Hajara da littafinta. Ta karanta shafi guda kamar ruwa, shugaba tana gyaɗa kai. Na ce ranki ya daɗe, tambaye ta abin da ta karanta, da duk harshen da kika ga dama. Ta tambaya da Turanci, shiru. Ta sauko Hausa, yarinya ta fara lalube. Shugaba ta ce a kira malamin ajin, ni kuma na ce ba ƙara na kawo ba, don na san albashin da ake ba su. Mun rabu a kan za a sa maganar tara a taron iyaye mai zuwa. Wasiƙar kuwa ba ta ce ta janye ba, ni ma ban ce zan bi ba.

A gida mun ɗauki ta Malamin Lesin, rabin awa bayan magariba da mamanta. Ɗan Gashuwa, taka ta fi wuya. Na gwada yi wa ƙaramin Ngizimanci a kan abinci, ya dube ni ya fashe da dariya, ya ruga ya gaya wa uwarsa wai Baba yana maganar Kaka. Tsohuwa kuwa har da gyara mini wata kalma. Za mu ci gaba.

Saura littattafai. Na zaga masu sayar da littafi a kasuwa, na makaranta ne kawai da na addini, sai na soyayya waɗanda ba na yara ba. Akwai direbanmu da ke shiga Kano ranar Laraba. Wanda ya san shagon da ake samun littattafan labarin yara, na Hausa da na Turanci mai sauƙi na 'yar shekara takwas, a Sabon Gari ko wajen Kurmi, ya taimaka mini da kwatance da abin da zan ba shi ya riƙe.